Daga Jajaye Zuwa Napoli, Wajen Masu Kiwon Ƙwan Teku

Sai da aka gama cire masara, rake ya fara shiga kasuwa, sannan na bar Jajaye. Hanyar ba sai na ɓata maka lokaci a kanta ba: babur zuwa bakin titi, mota ta Karaye zuwa Kano, sintirin Abuja har biza ta fito, sannan jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, a yi zaman jira a kan kujera, a wayi gari a Roma. Dalilin tafiyar kuwa ka riga ka ji shi a majalisa. 'Yar Yayanmu, takwarar Inna, wadda ta karanta ilimin dabbobi a Zariya, tana digirin digirgir a wata cibiyar binciken halittun teku a Italiya. In aka tambayi Yaya me take karantawa sai ya ce kifi. In aka tambaye ta sai ta ce ba kifi ba ne. Da ta aiko da takardar gayyata ƙafar Yaya ta ƙi, aka ce ni da na taɓa riƙe alli in je in gano wa dangi.

Ita ta tarye ni a Roma. Daga can jirgin ƙasa muka hau zuwa Napoli, nisan da ya kusa na Kano zuwa Kaduna, amma awa ɗaya da 'yan mintuna ta ishe mu. Wani allo a saman ƙofa yana nuna gudun jirgin, na ga ya taɓa kilomita 300 a awa, ga shayi a gabana ko motsi bai yi ba. Muna fitowa daga tasha, a dandalin da suke kira Piazza Garibaldi, sai na ji wani yana cinikin hula da Hausar zangon Kumasi. Muka gaisa kamar mun saba. Ya ce mutanen Afirka ta Yamma suna da yawa a nan da kuma wani gari da ke arewa da birnin, Castel Volturno, da dama daga cikinsu ta Agadas da Libiya suka biyo. 'Yan gari kuwa da zarar sun ji Najeriya sai su washe baki su ce Osimhen, ɗan ƙwallon nan namu. Ba su manta da kofin 2023 ba, wanda rabon ƙungiyarsu da shi tun 1990, zamanin Maradona, mutumin da hotonsa ya fi na kowane shugaba yawa a bangon garin.

Da yamma ta kai ni bakin teku. Mu dai babban ruwanmu shi ne madatsar Challawa. Ka tuna yadda muka riƙa zuwa kallo lokacin da aka tare ruwan a farkon shekarun 1990, muna cewa ai wannan ya zama teku? To a Challawa, duk faɗinta, idonka yana da inda zai sauka. A nan babu. Ta hagu dutsen Vesuvio ne, wanda ya yi aman wuta a shekara ta 79 ya binne garin Pompei da mutanensa, can nesa ga tsibirin Capri, daga nan sai ruwa. Na tsuguna na ɗanɗana. Gishiri ne na gaske, kusan giram 38 a kowace lita, in ji ta. Na daɗe a tsaye ina tuna cewa wannan fa shi ne Bahar Rum ɗin da muke ji a rediyo yana cinye 'ya'yan mutane. Ta wannan gefen kuwa tsofaffi ne zaune suna jefa ƙugiya, yara suna tsere da kekuna.

Cibiyar tana cikin wani lambun gwamnati mai suna Villa Comunale, taku kaɗan daga ruwa. Farin gini ne mai dogayen tagogi, Stazione Zoologica, wato tashar nazarin dabbobi. Wani Bajamushe, Anton Dohrn, ya kafa ta a 1872 da dukiyar gidansu da gudummawar abokai, har da Charles Darwin a cikin masu bayarwa. Dabarar da ya yi don tashar ta ciyar da kanta ta burge ni. Gwamnati ko jami'a za ta biya kuɗin tebur na shekara, kamar yadda ɗan kasuwa ke kama rumfa a kasuwar Rogo, sai ta turo masaninta ya zauna. A ba shi kwalabe da magunguna da ruwan teku mai gudana, kowace safiya masunta su kawo masa dabbar da ya nema da ranta, kuma ba mai ce masa ga abin da zai bincika. Wanda ya riƙe sashen tattara dabbobin shekaru da dama, Salvatore Lo Bianco, ɗan mai gadi ne da ya fara aiki a wurin yana ɗan shekara 14. Ya gwanance wajen adana halittun teku a kwalba ba tare da siffarsu ta lalace ba, har jami'o'in Turai suka riƙa aiko da saƙo, daga baya Jami'ar Napoli ta ba shi digirin girmamawa.

A ƙasan ginin akwai gidan kallon halittun ruwa, wanda aka buɗe a 1874. Nan na kafe a gaban wata dabba da suke kira polpo, mai hannu takwas, ba ƙashi ko ɗaya a jikinta. Tana manne da dutse, launinta launin dutsen, da ta motsa sai ta yi fari fat, ta koma ja. Zuciyarta uku, jininta shuɗi, saboda sinadarin tagulla ne ke ɗaukar iska a cikinsa, ba na ƙarfe irin namu ba. Kuma wallahi kallona take yi. Yarinyar ta ce tsarin idon ya yi kama da namu sosai, alhali zuriyarta da tamu kowace ta hanyarta ta iso ga wannan tsari, kuma nata ma ba shi da ɗan gurbin makanta da ke cikin idon kowane ɗan Adam. Ina cewa a raina to madalla, wannan abin karantawa ne, sai ta ja ni zuwa wani ƙaramin akwatin gilashi a sama.

"Baffa, ga nawa."

Wasu 'yan jakunkuna ne masu laushi, tsawon yatsa, ruwan ɗorawa-ɗorawa, ana hango cikinsu, manne da igiya. Kowace tana da baki biyu, ɗaya na zuƙar ruwa ɗaya na fitarwa. Ba ido, ba ƙafa, ba kai. Ciona sunansu, kuma a jikin jiragen ruwa da turakun tashar masunta ake kankaro su, masu jirage ma datti suka ɗauke su.

Na ce, "Uwata, wannan kika baro gida dominsa?"

Ta yi dariya ta ce in bari sai gobe.

Washegari da sassafe muka shiga ɗakin bincike, inda aka tsayar da sanyi a kan digiri 18. Da bushiyar teku ta fara, riccio a bakinsu, dunƙulen ƙaya mai cika tafin hannu. Ta yi mata allurar wani ruwan gishiri ta gefen baki, ta kifa ta a kan kofin gilashi cike da ruwan teku. Ba a jima ba sai ga ƙwai yana zubowa zare-zare ta ramuka biyar, ruwan lemo. Namijin kuwa fari ya fitar. Ta ɗiga ƙwan a gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, maikuroskof, ta ce in leƙa. Kowane ƙwai bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma a madubi ga su nan mulmul, kwance lafiya. Ta tsoma bakin allura a farin ruwan nan ta taɓa ɗigon. Sai na ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo sun yi wa kowane ƙwai caa, suna ta wutsil-wutsil. Kafin minti ɗaya wani siririn zobe ya taso daga gefe guda ya zagaye ƙwan gaba ɗaya. "An rufe ƙofa," in ji ta. "Ɗaya ya shiga, saura sun makara." In da biyu za su shiga, tayin ba zai yi ba.

Muka fita muka sha kofinsu, wanda bai wuce kurɓi biyu ba amma ya hana ni gyangyaɗi har dare. Bayan awa ɗaya da wani abu muka dawo, na sake leƙawa daidai lokacin da ƙwai ɗaya ya fara tsukewa a tsakiya, a hankali, har ya rabu biyu. Can biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas. Na ƙare aikin koyarwa ina zana wa yara wannan abu a allo, suna kwafa, ina ba su maki, ban taɓa ganinsa da idona ba sai ranar. Ta ba ni labarin wani Bajamushe, Hans Driesch, wanda ya daɗe yana aiki a tashar nan. A 1891 ya zuba irin wannan ƙwan a kwalba lokacin da yake gida biyu, ya girgiza har suka rabu. Ana tsammanin kowane rabi zai ba da rabin dabba. Sai kowanne ya ba da cikakken jariri, sai dai ƙarami. Ka ga asalin tagwaye masu kama ɗaya ke nan, a cikin kofin gilashi.

Kafin mu tashi ta haɗa ƙwan Ciona da maniyyinta, ta ajiye. Da muka dawo da safe, awa 18 bayan haɗawar, kwanon ya cika da wasu abubuwa masu iyo. Na leƙa madubi, sai ga talibambam. Kai da wutsiya, tsawon milimita guda, da ɗigon baƙi biyu a cikin kan, ɗaya na jin haske ɗaya na gane sama da ƙasa. Duk jikinsa ƙwayoyin halitta kusan 2,600 ne. A tsakiyar wutsiyar akwai wata 'yar sanda mai lanƙwasuwa, ƙwayoyi 40 cif a jere, a samanta kuma ga siririn bututun jijiya. Ta ce ni ma da irin wannan sanda na fara a cikin Inna, a mako na uku, da ni da kaza da tarwaɗa. A jikinmu ƙashin baya ne yake zuwa ya maye gurbinta, ragowarta ita ce taushin da ke tsakiyar faifan da ke raba ƙasusuwan baya, wanda in ya goce mutum ya kasa ruku'u. Shi kuwa talibambam ɗin Ciona ko abinci ba ya ci. Zai yi iyo na ɗan lokaci, ya manna goshinsa a jikin dutse ko jirgi, ya tsotse wutsiyar da sandar, ya koma jakar nan da na raina.

Wanda ya fara ganin wannan wani saurayi ne ɗan Rasha, Alexander Kowalevsky, da ya zo gaɓar Napoli tun ba a gina tashar ba. Kafin shi, masana a sahun dodon koɗi da kawa suka ajiye waɗannan jakunkuna. Ya wallafa abin da ya gani a 1866, Darwin ya kafa hujja da shi a littafinsa na 1871 kan asalin ɗan Adam. Daga nan ne fannin da yarinyar take ciki ya samo tushe: in kana son sanin dangantakar dabbobi, kada ka tsaya ga siffar babba, ka bi yadda tayi yake ginuwa, ka kwatanta. Yanzu sun gangara har cikin umarnin gado da ke rubuce a sinadarin DNA. Akwai wani umarni mai suna Brachyury, wanda aka fara lura da shi a 1927 a jikin ɓeraye masu guntun bindi. Shi ne dai yake tayar da ginin sandar nan a ɓera, shi ne kuma a Ciona. Aikinta shi ne gano waɗanne umarnai ne yake kunnawa a bayansa. Takan zuba DNA a cikin ruwan ƙwai, ta ba shi ɗan bugun lantarki ya shige, washegari ƙwayoyin sandar su riƙa haske kore a cikin duhu. Na gani, 40 ɗin nan reras. A 2006 kuma binciken kwatanta umarnin gado ya nuna cewa a duk dabbobi marasa ƙashin baya, dangin Ciona ne suka fi kusa da masu shi.

Na san inda za ka tsayar da ni, domin ni ma a nan na tsayar da ita, bayan la'asar, a kan wani benci a lambun. Na ce su masu wannan fanni ai cewa suke yi kakan Ciona da namu ɗaya ne, fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Ta ce haka ne, kuma a kan wannan fahimta ake aikin. Ta ce, "Baffa, ni abin da na auna nake rubutawa. Ban taɓa leƙa madubi na ji imanina ya ragu ba." Ba mu ƙure zancen ba, kuma na san za a daɗe ana yinsa a majalisarmu. Amma ra'ayina shi ne, wanda zai yi gardamar ya fara leƙa madubin. Sandar tana nan, na ƙirga ta.

Ranar Lahadi muka je kasuwar kifi ta Porta Nolana, kusa da tasha. Manyan robobi ne jere cike da ruwa, kawa iri-iri suna tsarto ruwa, masu sayarwa suna kwarmato kamar ana faɗa. Bushiyar tekun da aka yini ana lallaɓawa a ɗakin bincike, a nan tsaga ta ake yi da almakashi a matsa lemon tsami a lashe ɗanye. Na tuna karatun Risala, cewa a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, na yi bisimilla na sha romon polpo da barkono. Yana da daɗi, amma na kasa daina tuna wadda ta kalle ni.

A saman teburinta akwai hoton wani baƙar fata sanye da kwat, zaune gaban madubi. Na tambaye ta ko wane ne. Maimakon ta amsa sai ta hau da ni bene zuwa tsohon ɗakin karatu, wanda wani mai zane, Hans von Marées, ya cika bangonsa da hotunan masunta a 1873. A can ta ba ni tarihinsa, kuma shi ne abin da na fi so ka ji.

Sunansa Ernest Everett Just. An haife shi a 1883 a Charleston, kudancin Amurka, shekara 18 kacal bayan soke bauta a ƙasar. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, uwarsa ta yi aikin haƙar ma'adini ta kuma koyar a makaranta don ta riƙe su. Ya gama kwalejin Dartmouth a 1907 da sakamako na gaba-gaba, amma aikin da ya samu shi ne koyarwa a Jami'ar Howard ta baƙaƙe da ke Washington, inda ɗalibai suka yi yawa, kayan bincike suka yi kaɗan. Duk wanda ya san malaman jami'o'inmu ya san wannan hali. Daga 1909 ya riƙa tafiya Woods Hole, tashar binciken teku da ke Massachusetts, a duk dogon hutu, yana aiki a ƙarƙashin Frank Lillie. A daren duhun wata sukan fita da fitila su kamo wasu tsutsotsin teku da ke tasowa saman ruwa don zubar da ƙwai. A 1912 ya nuna cewa a ƙwan tsutsar, gurbin da maniyyi ya shiga shi ne yake tsayar da layin da ƙwan zai fara rabuwa. A 1915 ya zama mutum na farko da ya karɓi lambar Spingarn ta ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, a 1916 ya samu digirin digirgir a Chicago, a 1919 kuma ya bayyana yadda wani sauyi yake bin fatar ƙwai daga inda maniyyi ya shiga har ya game ta, ya hana na biyu shiga. Rufe ƙofar nan da na gani da idona, aikin rayuwarsa ke nan.

Abin da ya yi suna da shi a tsakanin abokan aikinsa zai ba ka mamaki: tsabtar gilashi, da sanin lafiyayyen ƙwai. Ya san wane wata, wane zafin ruwa, wane irin riƙo kowace dabba take so, kuma ya tsaya a kan cewa sakamakon da aka samu daga ƙwai wahalalle ba hujja ba ne. Da wannan ya ƙalubalanci Jacques Loeb, wanda a lokacin ba a ja da maganarsa. Sa'ad da hankalin kowa ya koma kan umarnin gado da ke tsakiyar ƙwayar halitta, shi ya nace cewa fatar ƙwayar, inda take haɗuwa da duniya, tana da hannu babba a yadda tayi ke ginuwa. Duk da haka manyan jami'o'in Amurka ba su ba shi kujera ba, saboda launinsa.

A 1929 ya zo Napoli, ya zauna a ɗaya daga cikin teburan nan, zamanin da Reinhard, ɗan Anton Dohrn, yake riƙe da tashar. Ya sake gwada abin da ya gani a Amurka a kan bushiyar tekun nan, ya tarar haka yake. Ya kuma tarar da abin da bai samu a gida ba, wato a zauna da shi a ci abinci a yi gardamar ilimi ba tare da an tuna masa ko shi wane ne ba. A 1930 aka gayyace shi cibiyar Kaiser Wilhelm da ke Berlin. Daga 1938 ya koma Faransa, yana aiki a tashar Roscoff, a 1939 ya fitar da littattafai biyu, ɗaya kan fatar ƙwayar halitta, ɗaya kan yadda ake riƙe ƙwan dabbobin teku. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940 aka tsare shi na ɗan lokaci, ya samu ya koma Amurka, ya rasu a Oktoban 1941 da ciwon daji yana da shekara 58. Sai a 1996 ƙasarsa ta buga hotonsa a kan sarki. Irin tsutsar da ya yi nazari a Napoli, Platynereis, yau ana kiwonta a ɗakunan bincike na Heidelberg da Vienna, kuma har yanzu sai an kunna mata fitila mai kwaikwayon farin wata kafin ta yarda ta yi ƙwai. Ashe ba mu kaɗai muke duban wata ba.

Da dare a ɗakinta ta tuƙa tuwon semo, ta kaɗa kukar da na kawo mata da daddawar gida. Ina ci na ce abin takaicin shi ne ta zaɓi ilimin da ba shi da gurbi a ƙasar Hausa, mu da ba mu da teku. Ta ce mun taɓa yi. Ta buɗe kwamfuta ta nuna min taswirar wani hannun teku da ya ratso Sahara daga arewa ya malale ƙasar Sakkwato, shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, ragowar ɓawon halittun wannan teku ce, ana tsintar bushiyar teku da ta zama dutse a cikinta. A yankin Goronyo kuma masana daga Jami'ar Firenze, a nan Italiya, sun haƙo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, a 1972 suka sa masa suna Goronyosaurus. Na sha wucewa ta Sakkwato ina ƙorafin zafi, ashe a ƙasan teku nake tafiya.

Na tambaye ta abin da Yaya ya fi so a tambaya, wato yaushe za a gama a dawo. Ta ce digirin ya kusa, amma a wannan sana'a bayan digiri sai yawon kwantiragi, shekara biyu a nan uku a can, Roscoff ko Bergen ta Norway ko inda aka samu kuɗin bincike, kafin mutum ya samu teburin kansa. A gida akwai cibiyar binciken teku a Legas, da ta kifin ruwan daɗi a New Bussa, amma hankalinsu ya fi karkata ga kamun kifi da kiwonsa. Sai ta tambaye ni ko har yanzu yara suna haƙo gaiwa a fadama da rani.

Gaiwa fa, wadda wasu ma ƙyamar cinta suke yi. Ta ce a duk kifayen da ke raye a duniya, dangin gaiwa ne suka fi kusa da dabbobin tudu masu ƙafa huɗu. Da huhu take numfashi, in ka hana ta tasowa saman ruwa nutsewa za ta yi ta mutu, kuma shi ya sa take iya shafe watanni a dunƙule cikin busasshen laka. A 2021 aka karanta rubutun gadonta gaba ɗaya, aka tarar ya ninka na ɗan Adam kusan sau 13. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani masani daga Cambridge, John Samuel Budgett, ya zo Gambiya ya bi ramukan da take yin ƙwai, ya ga namijin ne yake gadin su. Ya yi ta dawowa Afirka yana neman tayin kifin gartsa, sai a 1903, a yankin Neja Delta, ya samu ya haɗa ƙwanta da hannunsa ya ga yadda yake rabuwa. Zazzaɓin da ya kwaso ya kashe shi a Janairun 1904, yana da shekara 31. Ta ce duk mai son sanin yadda filafilin kifi ya zama hannu, ko yadda huhu ya faro, dole ya bi ta kan tayin waɗannan kifaye, kuma masu binciken Turai da kyar suke samunsa. Mu kuwa ga shi a bayan gari.

Dawowa ta hanyar da na bi na dawo, sai dai hazo ya riƙe jirginmu a Addis Ababa ya ƙara mana kwana. Yanzu saƙonta ne a wuyana, kuma kai ka fi ni sanin masuntan gefen Challawa. Masu haƙo gaiwa da rani ba su da wuyar samu, amma ba su take nema ba. Wanda ya san ramin da take zuba ƙwai a cikin ciyawa in ruwa ya cika fadama take so, wanda kuma zai yarda ya nuna ba tare da ya kama uban ba. Ta ce za ta nemi hutu ta zo tsakanin Yuli da Agusta da ƙaramin madubinta mai aiki da batir. Ka fara yi wa Sarkin Ruwa maganar tun yanzu, goron yana kaina.